An Sauke Jinka Kafin a Kaɗa Ƙuri'a

Inverallan, New Zealand
4 ga Maris, 1872

Aikin farko yau: duba kofaton ragunan da aka ware jiya. Bakwai ne ke ɗingishi.

Yaya Marsaili,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da Inna da Kawu Lachlan da dukan mutanen ƙauyenmu Skeravaig. Mu nan lafiya, sai matata Isobel da haƙori ya hana sakat mako guda, an cire shi ranar Talata. Yaran sun warke daga tari. Ki gaya wa Inna har yanzu ina sa safar da ta saƙa mini, ko da yake an yi wa diddigen faci sau biyu.

Wasiƙarki ta Disamba ta iso. Na karanta inda kika ce wakilin mai ƙasa ya ƙwace makiyayar tudu ya zuba tumakin baƙi, ya kuma ce bana haƙurinsa da ku zai ƙare. Sau uku na karanta wurin, sannan na fita na zagaya shinge ba tare da wani dalili ba.

Ga labarina. An sake zaɓe na a majalisar lardi. Shekara goma sha tara ke nan da na sauka ƙasar nan da sanda da bargo. Na yi kiwon tumakin wasu, na yi wa masu awon ƙasa akawu saboda ɗan karatun da na samu a Inverness, yau ga ni ina zama da masu dogayen huluna. Har yanzu in na miƙe zan yi magana sai na ji kamar za a ce, wa ya bar makiyayi ya shigo?

Akwai wani kwari a nan, Waimaru, ƙasa baƙa mai ruwa. Mutum ɗaya ne, Mista Ormiston, ke riƙe da shi haya daga gwamnati, tumakinsa kaɗai ke cin moriyarsa. Hayar za ta ƙare bana. Na kawo ƙuduri cewa a yanka kwarin gona-gona, eka hamsin ga duk magidancin da ba shi da ƙasa. Mu ashirin da ɗaya ne a majalisa, ina da goma sha ɗaya. Na rubuta sunayensu a littafina, ina ƙirgawa safe da yamma. Kullum goma sha ɗaya ne, amma ban daina ƙirgawa ba. Nan da mako biyu ko uku za a kaɗa ƙuri'a.

Wani abu yana damuna, ke kaɗai zan faɗa wa. Akwai dattijo ɗan ƙabilar Maori, 'yan asalin ƙasar nan, da ke zuwa ƙofar majalisa kowace shekara da takarda, yana cewa kwarin na kakanninsa ne tun ba a haifi Ormiston ba. Ba mai karɓa. Yana tsayuwa irin ta marigayi Baba a ƙofar wakili, hula a hannu. Ta ƙofar baya nake shiga.

A cikin ambulan ɗin nan akwai takardun jirgi tara, ɗaya ga kowane gida, da hatimin gwamnatin lardi. Gwamnati ce za ta ɗauki nauyin tafiyar, kuma suna aiki har shekara biyu. Ki adana su inda laima ba za ta taɓa su ba. Ku fara shiri. Ba na son in sa muku rai fiye da kima, amma ina ganin ƙasar nan kamar tana tafin hannuna. Zan rubuto da zarar an gama.

Ƙaninki,
Torquil

Inverallan
22 ga Afrilu, 1872

Yaya Marsaili,

Ina gaishe ku. Muna lafiya, sanyi ya fara shigowa. Ba zan ja gaisuwa ba, jirgin wasiƙu zai tashi gobe.

Ƙudurin ya faɗi. Tara muka samu, su goma sha biyu.

Laifina ne, kuma gara ki ji daga bakina. Ana gobe za a kaɗa ƙuri'a na zauna ina sake bin taswirar kwarin, kamar yadda na saba. Sai na ga masu awo sun haɗa wata fadama cikin ƙasar noma, kusan eka ɗari uku. Ba wanda ya lura. Da na yi shiru, da an wuce, a gyara daga baya. Amma na kasa. Na ce a raina, yaya zan sa mutane su sa hannu a kan lissafin da na san ba daidai ba ne? Na miƙe a zaure na roƙi a ɗaga zaman da mako ɗaya.

Ormiston ya kalle ni ya yi murmushi. Ya ce, "Mako ɗaya kawai, Mista MacAskill? Ɗauki biyu mana. Gaskiya ba ta son gaggawa."

Abokina da ke zama kusa da ni ya ja gefen rigata, ya ce da harshenmu, "Torquil, zauna, Allah ya shirye ka! Kifi yana cikin koma kana ƙirga ƙayarsa?"

A cikin makon nan Ormiston ya kira mutum biyu daga cikin nawa cin abinci. Ɗaya yana son gada a mazaɓarsa, ɗaya yana da suruki mai neman aiki. Ranar ƙuri'a ba wanda ya iya haɗa ido da ni a cikinsu.

Bayan kwana biyu ni ma ya kira ni. Ya ce mutum mai tsantseni irina ake so ya riƙe ofishin filaye na lardi, kujerar tawa ce in ina so. Ban ba shi amsa ba tukuna, ina nazarin yadda zan faɗa.

Yanzu abin da ya fi muhimmanci. Kada kowa ya motsa. Ku sabunta haya ranar ashirin da takwas ga Mayu ko da wakili ya tsananta sharuɗɗa. Kada a sayar da saniya ko ɗaya. Kada kowa ya taɓa jinkarsa. Zan sake kawo ƙudurin baɗi. Na lissafa kwanakin hanya, na ga wannan takarda ba za ta riski ranar haya ba, amma na san ku da taka-tsantsan, ba za ku yi komai ba sai kun ji daga gare ni. Haka nake gaya wa kaina.

Torquil

Skeravaig
3 ga Yuni, 1872

Zuwa ga mai girma ɗan majalisa, wanda na share wa majina da gefen zanena,

Muna gaishe ka, muna gaishe da Isobel da haƙoran da suka rage mata. Inna lafiya, sai idon da ya ƙara dushewa. Ta ce a gaya maka safar da aka yi wa faci biyu ba ta dace da mai mulki ba, ta fara saƙa wata.

Wasiƙarka ta Maris ta iso ranar Asabar, sha takwas ga Mayu. Ka san ba a karanta zancen duniya ranar Lahadi, don haka ta kwana biyu a ƙarƙashin matashin Inna, gari duka yana kallon ƙofarmu a coci maimakon fasto. Ranar Litinin aka taru a gidan Kawu Lachlan, na karanta ina juya musu da harshenmu.

Da na fito da takardun jirgi, Kawu ya karɓi ɗaya. Ka san bai iya karatu ba. Ya shafa hatimin da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce, "Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin takarda mai hatimi ta yi ƙarya ba. Wadda ta kori mutanen ƙetaren ruwa ta yi ƙarya? Wadda ta ƙwace tudu fa? Yau ga hatimi ya zo a ɓangarenmu, ku ce in tsaya ina tunani?"

Na ce, "Kawu, ya ce ba a kaɗa ƙuri'ar ba tukuna."

Gwaggo Peigi ta ce, "Ke 'yar boko, wasiƙar nan ta fi kwana saba'in a hanya. Ƙuri'ar mako biyu ai an kaɗa ta tun muna binne dankali. Kuma goma sha ɗaya ya fi goma, ko a can ƙasan duniya lissafi a kife yake?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ban ga inda ta kuskure ba.

Kwana takwas suka rage ranar haya. Ko mu sa hannu mu ɗaure kanmu shekara guda ba makiyaya, ko mu tashi. Gida tara, ba wanda ya sa hannu. Ka san ƙa'ida: bango na mai ƙasa ne, azara ta mai gida ce, kuma wanda ya sauke jinkarsa ya sallama gidan. A tsibirin da ba bishiya ko ɗaya wa zai bar wa wakili azararsa? Cikin kwana uku muka sauke duka. Ta gidanmu ce ta ƙarshe. Babbar azarar tsakiya, wadda Baba ya jawo daga teku shekarar da aka haife ka, sai da maza shida suka taru. Ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi, amma ko ƙwaro bai taɓa ta ba. Inna ta hana a kashe wutar murhu, ta kwashe garwashin a tukunya ta riƙo da hannunta har bakin teku.

A can muke yanzu, mu arba'in da bakwai, ƙarƙashin kifaffun kwale-kwale da tsofaffin filafilan jirgi. Wakili ya yarda mu zauna a gaɓa har jirgi ya zo farkon Satumba, har da cire mana hula, abin da bai taɓa yi ba. An sayar da shanu. Yara suna ganin wasa ne. Da yamma ana rera Zabura, kuma ban taɓa jin muryar mutanen nan ta yi ƙarfi haka ba.

Kawu ya ce in tambaye ka ko mai jirgi zai ɗaukar mana azara, don bai yarda akwai itace a can ba. Gwaggo Peigi kuma ta ce raguna bakwai ke ɗingishi cikin nawa? Ta ce ba ta san ɗan Skeravaig zai iya kwana kusa da tumaki masu yawa haka ya yi barci ba.

Ka yi abin da Baba bai iya ba, ƙanena. Ban saba yabonka ba, kada ka saba.

Yayarka,
Marsaili

Skeravaig
12 ga Yuli, 1872

Torquil,

Muna raye. Inna tana tari tun ruwan da aka yi kwana tara ba ɗaukewa. Jaririn gidan Angus ma haka.

Wasiƙarka ta Afrilu ta zo. Ni kaɗai na karanta, a bayan dutse, sannan na kira Kawu. Ya sa rigarsa ta coci, muka taka mil bakwai zuwa gidan wakili.

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, mun yi gaggawa. A bar mu mu mayar da jinka, za mu sa hannu a kan duk abin da aka ce."

Wakili ya ce, "Wane gida? Ni kango tara na gani a Skeravaig, kuma na riga na ba da su. Da hannunku kuka sauke, Lachlan. Ban aiko ɗan sanda ba, ban kunna ashana ba. Shekara goma ina neman hanyar da zan raba ku da wurin nan ba tare da jarida ta zage ni ba, sai ga ɗan'uwanku ya yi mini aikin daga ƙarshen duniya. In ka rubuta masa ka ce ina gaisuwa."

Yanzu tumaki ne ke kwana a ɗakin da aka haife ka. Daga gaɓa muna hango su suna shiga ta ƙofa.

Fadama eka ɗari uku! Mu da muke noma a kan dutse, mu kwaso ciyawar teku a baya mu zuba don ƙasa ta samu, kana ganin fadama za ta ba mu tsoro? Tun kana yaro haka kake, a aike ka ɗebo ruwa ka tsaya wanke guga har rana ta faɗi.

Amma ba wannan ya fi ci mini rai ba. Ka ce mutumin ya yi maka tayin kujera, kana nazarin yadda za ka faɗa. Nazarin me? Kalmar a'a tana buƙatar nazari? Na karanta layin nan har takardar ta kusa yagewa, abu ɗaya nake gani: an ɗaga ƙuri'a, ƙuduri ya faɗi, kai ka samu ofis. In ba haka ba ne ka faɗa mini. In haka ne, kada ka ƙara kira na yaya.

Za mu zo, don ba mu da wani wurin zuwa. Mutane sun sani, ban da Inna. Na hana kowa gaya mata. Kullum tana tambaya ko gonar tamu tana kallon ruwa.

Marsaili

Inverallan
19 ga Agusta, 1872

Yaya Marsaili,

Ina gaishe ku, ina roƙon Allah ya sa Inna tana da wurin da ruwa ba ya zuba. Mu lafiya.

Wasiƙarki ta uku ga Yuni ta iso jiya. Na karanta a tsaye a gidan waya. Da na kai inda kuka sauke jinka sai na zauna a kan matakala, har ma'aikacin ya fito ya tambaya ko rasuwa aka yi. Na ɗauko kwafin wasiƙata ta Maris na bi ta layi-layi. "Ku fara shiri." Ni na rubuta. Ina nufin a fara tunani, a fara saƙa tufafi. Na manta abin da shiri yake nufi a Skeravaig, na manta ranar haya, na manta yadda muke kallon hatimi. Shekara da shekaru ina buga hatimi a kan takardun da rabinsu ba sa zama komai. Yabon da kika yi mini a ƙarshe shi ya fi komai zafi.

Ki gaya wa Kawu ya bar azara, itace a nan har ƙona shi ake yi don a samu fili. Ki gaya wa Gwaggo Peigi dubu biyu ne da ɗari huɗu, a kan tudun haya da garma ba ta shiga. Ba ni da ƙasar noman da zan ba ko gida ɗaya.

21 ga wata. Na je wurin Ormiston. Kujerar ofishin filaye na riga na ƙi ta tun watan Mayu, a rubuce, shafi biyu. Yau na je roƙo. Na ce mutum arba'in da bakwai suna tafe, ba su da inda za su sa kai.

Ya ba ni shayi. Ya ce, "Abu mai sauƙi. A watan Oktoba zan kawo ƙudurin sabunta hayar manyan makiyayu na shekara goma sha huɗu. Mutum biyun da suka bar ka ba za su bi ni har can ba, tsoron masu zaɓe suke ji. Ƙuri'a ɗaya nake nema. Ka ba ni, in yanke eka ɗari huɗu da hamsin a gindin kwarin, gida tara, kowa hamsin."

Na ce, "Mutum ɗari huɗu suka zaɓe ni don in hana wannan ƙudurin. Su ma ƙasa suke jira."

Ya ce, "Su ba su sauke jinkarsu ba."

24 ga wata. Na raba shafi biyu a littafina, na rubuta dalilai a kowane gefe. Isobel ta leƙa ta ce, "Ka san abin da za ka yi tun kafin ka ja layin, kana dai wahalar da tawada ne." Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa. Ban sani ba ko wannan takarda za ta same ku a gaɓa ko kun riga kun taso.

Torquil

Skeravaig
16 ga Satumba, 1872

Torquil,

Ban samu komai daga gare ka ba tun wasiƙar Afrilu. Ni lafiyata ƙalau.

Inna ta rasu ranar Laraba, sha ɗaya ga wata, da hantsi.

Jirgi ya zo biyu ga wata. Likitan jirgi ya jera mu a gaɓa yana duba ido da ƙirji. Da ya sa kunne a bayan Inna sai ya girgiza kai, ya ce ba zai ɗauki mai irin wannan tarin ba. Kawu ya yi rantsuwa ba zai tafi ya bar ƙanwarsa ba. Inna ce ta kore shi. Ta ce, "Lachlan, tun muna yara kake tsaya mini a kai kamar kaza. Tafi ka share mini wuri, in na warke in biyo jirgin bazara. Ka ce wa Torquil ina son taga ta gilashi." Ya tafi yana waiwaye. Arba'in da biyar suka shiga. Mai jirgi ya ƙi ɗaukar azara ko ɗaya, aka bar su jibge a kan yashi.

Kwana tara muka yi mu biyu a ƙarƙashin kwale-kwale. Matar fasto tana aiko da madara. Inna ta gama safarka, saura bakin ɗaya, na ƙarasa, za ka gane inda hannuna ya fara don ya fi muni. Ranar ƙarshe ta ce in kwatanta mata gonar. Na ce ƙasa baƙa ce, ga rafi, ga ruwa ana hangowa daga ƙofa. Ta ce, "Yaron nan dai a hankali yake abu, amma yana gamawa." Ta tafi tana ganin ka cika alkawari. Ba don kai na yi mata ƙaryar ba.

Babu katako a tsibirin, ka sani. Masunta biyu daga ƙauyen gaba suka tsaga babbar azararmu suka yi akwatin. Su da fasto da mai tonon kabari suka ɗauke ta, maza huɗu kacal, a garin da ake karɓa-karɓa har ba a samun wurin sa hannu. Tana kusa da Baba.

Wannan wasiƙa jirgin hayaƙi za ta bi, an ce za ta riga su isa da mako uku. Kawu bai sani ba. Kai za ka gaya masa.

Gobe zan tafi Glasgow. Matar fasto ta samo mini aiki a masaƙa, ka rubuto ta hannunta. Takardata ta jirgi tana nan. Ban yaga ba, ban kuma ce zan zo ba. Ina jiran amsar abin da na tambaye ka.

Marsaili

Gindin Waimaru
20 ga Disamba, 1872

Aikin farko yau: raba gatari shida tsakanin gida takwas da suka iso. Ba su isa ba.

Yaya Marsaili,

Ina gaishe ki, ina yi miki ta'aziyya, ke da kika ɗauki abin ke kaɗai. Allah ya ba ki lafiya a wannan gari mai hayaƙi. Isobel tana gaishe ki. Wasiƙarki ta Yuli ta zo ƙarshen Satumba, ta rasuwa kuma ta zo ashirin da takwas ga Nuwamba tare da safar. Ban iya sa ta ba. Tana cikin aljihun rigata.

Amsar tambayarki: ban karɓi ofis ba. Na ƙi shi tun Mayu, kuma da na rubuta miki a'a kai tsaye maimakon nazari, da na rage miki wata biyar na zargi. Amma kada ki wanke ni da wuri, don abin da na yi daga baya ya fi wanda kika zarge ni da shi. Ranar takwas ga Oktoba na ba Ormiston ƙuri'ata. An rufe manyan makiyayu shekara goma sha huɗu, ƙuri'a goma sha ɗaya da goma. Da na fito, mutanen mazaɓata suna tsaye a titi. Ba su yi ihu ba. Wani maƙeri da ya yi mini yawon neman ƙuri'a sau uku ya tare ni ya ce, "'Ya'yana biyar, Mista MacAskill. Babbansu zai kai talatin kafin a sake maganar ƙasa. Naka mutanen sun fi nawa ne?" Na ce ba su fi ba. Washegari na ajiye kujerata. Ba wanda ya roƙe ni in zauna.

Jirgi ya iso shekaranjiya. Arba'in da uku suka sauka. Jaririn gidan Angus ya rasu a mako na uku, tsohon Calum makaho a mako na goma, an sa su a teku. Gwaggo Peigi ta rame har ban gane ta ba sai da ta yi magana. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne gwamnatin? Na zaci za ka fi haka tsawo."

Ƙasar da aka yanka mana ba ita ce baƙar da na kwatanta ba. Tsakuwa ce a sama, gefen rafi kuma ambaliya na cin sa. Na zaci za su yi fushi. Angus ya durƙusa ya ɗebi ƙasar ya murza, ya ce, "Wa za mu biya haya?" Na ce ba kowa. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Sai ya juya baya ya daɗe bai juyo ba. Kafin amfanin gona na farko ya nuna dole mazan su yi aikin lada, kuma aikin da ake da shi yanzu ɗaya ne, askin tumakin Ormiston. Litinin za su fara.

Kawu Lachlan ya sauko daga jirgi ya riƙe fuskata da hannu biyu, ya ce na yi furfura ba izini. A hanya yana ta kallon daji, yana cewa, "Duk wannan itacen ba mai shi? Kai, an yi asarar azara a duniya." Da muka iso bai huta ba. Ya zaga ya zaɓi wani ɗan tudu, ya kafa turaku huɗu, ya ce, "Nan ne ɗakin uwarka. Ta ce taga ta gilashi, kada ka kawo mini zancen tsada. Jirgin bazara yaushe yake isowa?"

Na buɗe baki. Wasiƙarki tana aljihuna. Na ce, "Wajen watan Yuli, Kawu."

Jiya ya sare itace huɗu shi kaɗai, yana da shekara saba'in da shida. Yau ya ce in riƙe masa igiya ya auna faɗin tagar, na riƙe.

Ba zan ce ki zo ba, na daina ce wa mutane su yi shiri. Takardarki tana aiki har Maris na shekarar da ke bin baɗi. In kin zo akwai wuri. In ba ki zo ba, ki riƙa rubutowa, ko zagi ne.

Ƙaninki,
Torquil

Na gobe, waɗanda ban gama ba:
Aro gatari biyu.
Kai Gwaggo Peigi wurin likita.
Irin dankali, buhu tara, a tambayi mai shago ko ba a makara ba.
Nuna wa mazan hanyar rumfar aski.
Mayar da mabuɗin akwatina na majalisa.
Faɗa wa Kawu, kafin ya ɗora jinka.